Kana son yin mastas a adabi don rubutunka ya ƙara kyau? Zauna mu yi magana kafin ka sayi fom

Duk shekara idan jami'o'i suka buɗe sayar da fom ɗin digiri na biyu sai na samu wani marubuci ko wata marubuciya ta tare ni da tambaya iri ɗaya, wai tana son ta koma makaranta ta yi mastas a adabi saboda labaranta su ƙara armashi, shin ya dace ko kuwa asarar kuɗi da lokaci ne kawai. Amsata ba ta canzawa, ya dace wallahi, ni ma na yi kuma na ƙaru sosai, amma fa sai in ka san abin da za ka tarar a can tun kafin ka shiga. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana, amma har da ke nake 'yar'uwa, ke ma kin san mata ne suka fi riƙe rubutun labari a ƙasar Hausa yanzu.

Abu na farko da ya kamata ya zauna maka a kai shi ne, mastas ɗin adabi a yawancin jami'o'inmu an tsara shi ne don ya fitar da manazarci, ba marubuci ba. Ko kalmar da malamanmu suke amfani da ita ta isa ta nuna maka, feɗe waƙa ake cewa, feɗe labari. To fiɗa za a koya maka, yadda za ka kwantar da labarin wani ka fitar da jigo gefe, salo gefe, zubi da tsari gefe, taurari gefe. Kiwon dabbar tun tana 'yar maraƙa har ta isa yanka, wannan ba kowane sashe ne yake koyarwa ba. Wani wurin za ka samu kwas ɗaya na ƙirƙirar rubutu a semista ɗaya, wani wurin zaɓi ne in ka ga dama ka ɗauka, wani wurin kuma yana cikin takarda amma babu malamin da zai koyar a shekarar. Kuma kundin da za ka rubuta a ƙarshe, wanda shi ne ƙashin bayan digirin, kundin bincike ne mai babi biyar, da bitar ayyukan da suka gabata da ra'in bincike da hanyoyin tattara bayanai, ba littafin labarinka ba.

Ba haka abin yake ko'ina ba. A Amurka jami'ar Iowa tun 1936 take da shirin da marubuci zai shiga ya fito da digiri a kan abin da ya ƙirƙira da kansa, a Ingila kuma jami'ar East Anglia ta fara nata mastas ɗin a 1970, daga nan Kazuo Ishiguro ya fito, wanda ya ci kyautar Nobel a 2017. A irin waɗannan wurare kundinka shi ne labarinka ko tarin waƙoƙinka, wani lokaci a haɗa da ɗan sharhi da za ka yi a kan yadda ka gina aikin. Wanda ya fi burge ni ma na Afirka ta Kudu ne, jami'ar Rhodes, inda ɗalibi zai iya rubuta aikinsa na mastas da harshen Xhosa ba lallai sai Turanci ba. Duk ranar da na tuna wannan sai raina ya sosu, don Hausa ba ta rasa komai ba da za a ce ba za a iya yi mata haka ba, ga masu karatu ga marubuta ga farfesoshi.

To amma mu dawo gida mu yi maganar abin da yake hannu.

Kafin ka biya kuɗin fom, taka da ƙafarka ka je sashen. Kar ka tsaya a abin da ka gani a intanet. Idan Hausa kake rubutu to wurarenka su ne irin su Sashen Koyar da Harsunan Najeriya na Jami'ar Bayero a Kano, ko Sashen Harsuna da Al'adun Afirka na Ahmadu Bello a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Mastas ɗin Hausa yawanci kashi uku yake rabuwa, harshe da adabi da al'ada, kai adabi kake nema, kodayake zan faɗa maka wani abu a kan al'ada can gaba. Idan kuma da Turanci kake rubutu sai ka nufi sashen Turanci ɓangaren adabi. Ka nemi kodinetan digiri na biyu, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce Malam don Allah ina son ganin jerin kwasa-kwasan da ake koyarwa, sannan ka tambaya ko akwai na ƙirƙirar rubutu, waye yake koyar da shi, kuma an koyar da shi bara? Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce mai muhimmanci. Daga nan ka nemi ɗalibi ɗaya ko biyu da suke kan rubuta kundi ka saya musu lemo ku zauna, a minti ashirin za su faɗa maka abin da babu takardar da za ta faɗa maka, wane malami ne yake karanta aiki da wuri, wane ne marubuci shi kansa, shekara nawa mutane suke ɗauka kafin su fita.

Maganar takardu ba ta da tsawo. Digiri na farko mai daraja ta biyu, ko babba ko ƙarama gwargwadon sharaɗin jami'ar, da takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, da sakamakon sakandare, da transkirif, wato takardar makin kwasa-kwasanka na digiri na farko. Wanda ya fito da daraja ta uku ko wanda ya karanta wani fanni daban, misali ka karanta kimiyya amma rubutun Hausa ne a jininka, galibi sai ya bi ta difloma ta gaba da digiri tukuna. Transkirif ɗin nan ka fara nemansa da wuri tun kafin a buɗe fom, ya sha hana mutane adimishan. Kuma ka sani a matakin nan maki 50 ne cin kwas, ba 40 ba. A takarda karatun bai wuce shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ba, amma ka saka yajin aiki a lissafinka, na 2022 kaɗai wata takwas ya ci.

Yanzu ka samu adimishan, ka shiga aji. A nan ne aikin da nake son mu yi magana a kai yake farawa, wato yadda za ka saci karatun marubuci a cikin karatun manazarci.

Ka sayi littafin rubutu guda biyu. Ɗaya na lakca ne, abin da malam ya faɗa da abin da zai fito a jarrabawa. Ɗayan kuma naka ne kai kaɗai, kuma duk littafin da aka ba ku ku nazarta sai ka karanta shi sau biyu, karatun farko don asaimen, karatu na biyu don wannan littafin naka. A karatu na biyu ba ruwanka da mene ne jigo. Tambayarka ita ce yaya aka yi. Yaya marubucin ya shigo da wannan mutumin har na ji na san shi a shafi ɗaya? A ina ya tsallake shekara goma ban ji tsallen ba? Me ya sa na ajiye littafin a shafi na arba'in na kasa komawa? Wannan ta ƙarshen kar ka raina ta, littafin da ya gundure ka malami ne babba in ka gano daidai inda ya sake ka. Dole za a bi da ku ta kan littattafan gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, wadda Rupert East ya shirya a Zariya, wadda ta fito da su Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Muhammadu Gwarzo. Yawancin ɗalibai haddace shekarar da sunayen suke yi su wuce. Kai ka zauna da su ka duba yadda mutanen da suka tashi da tatsuniya da hira a zaure suka yi kokawa da sabon abu, wato dogon labari a kan takarda da babu mai sauraro a gabanka da zai ce "sai me ya faru". Za ka ga inda muryar mai ba da labari na baka take leƙowa, za ka ga dabarar labari a cikin labari, kuma za ka gane cewa matsalar da kake fama da ita yau ta yadda za ka riƙe mai karatu ba sabuwa ba ce. Haka in kun zo kan muhawarar shekarun 1990 a kan adabin kasuwar Kano, wato littattafan labarai, galibi na soyayya, da marubuta suke bugawa da kansu, kar ka shiga sahun masu raina littattafan nan don kawai ka ji wasu masana sun raina su, ka tambayi kanka me ya sa mata a cikin gidaje suke karɓar haya suna karantawa har littafi ya yage, akwai abin da marubutan suka iya, nemo shi.

Akwai wata cuta da take kama marubucin da ya shiga mastas, kuma ni ta kama ni sosai shi ya sa nake jan kunne a kanta. Bayan wata shida kana rubuta takardun siminar, harshen bincike zai fara malalowa cikin labarinka ba ka sani ba. Za ka ga ka rubuta "bugu da ƙari" a tsakiyar faɗan miji da mata. Za ka ga tauraruwarka tana magana kamar mai gabatar da muƙala. Mafi muni kuma za ka fara bayyana wa mai karatu ma'anar abin da ya faru, saboda an horar da kai cewa duk abin da ka kawo sai ka ce "wannan ya nuna cewa". A kundi wannan daidai ne, a labari kuwa kashe shi yake yi. Bari in ba ka misali da abin da na ƙirƙira yanzu. Manazarcin da yake cikinka zai rubuta: Hajiya ta ji baƙin ciki ƙwarai saboda ɗanta bai zo gaishe ta da sallah ba, wanda hakan ya nuna lalacewar zumunci. Marubucin kuma zai rubuta: Har aka kira la'asar kwanon da ta zuba masa tuwon sallah yana nan a rufe a bakin gado, jikokin suka zo za su buɗe ta ce a bar shi. Ka ga na biyun bai ambaci baƙin ciki ba, bai ambaci zumunci ba, amma wanda ya karanta ya ji a ƙirjinsa. Maganin cutar nan da na samu shi ne raba lokaci, ba na taɓa rubuta labari a zaman da na rubuta kundi, kuma kafin in fara labari sai na karanta shafin jiya da ƙarfi da bakina, duk jimlar da na ji ba zan iya faɗa wa ƙanwata ita a tsakar gida ba sai in soke ta.

Sai abu na gaba wanda a ganina shi ne ya fi komai amfani, kuma ba ya cikin manhaja. Abin da ya sa shirye-shiryen ƙasashen waje suke fitar da marubuta ba wani sirri ba ne, zama ne da ake yi duk mako, mutum goma ko sha biyu, kowa ya karanta aikin ɗaya daga cikinsu tun a gida, a zo a tattauna shi, mai aikin yana zaune shiru yana rubuta abin da ake faɗa. To wannan ba ya buƙatar izinin sanatocin jami'a, ku ma za ku iya. Nemi mutum huɗu zuwa shida, kar su wuce haka, cikin 'yan ajinku ko 'yan sashen Turanci ko na wasan kwaikwayo ko ma wanda ba ɗalibi ba in dai yana rubutu da gaske. Ku tsayar da rana ɗaya duk sati biyu, ƙarƙashin bishiya ma ya isa. Mutum biyu ne za su kawo aiki a kowane zama, shafi biyar zuwa goma, kuma su tura kwana uku kafin ranar don kowa ya karanta ya yi alama. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne mai aikin ba zai yi magana ba sai an gama. Da wuya fa, za ka ji kamar ka fashe, wani zai fahimci labarinka a karkace kana ji kana gani, amma dalilin shi ne ranar da littafinka ya shiga kasuwa ba za ka bi kowane mai karatu gida ka yi masa bayani ba, in mutum uku cikin biyar ba su gane cewa Ladi ce ta ɗauki kuɗin ba to laifin shafin ne. Sannan ku hana kalmar "ya yi kyau" da "Allah ya ƙara basira" su zama su ne sharhin, mu Hausawa kunya da kara suna hana mu faɗa wa mutum gaskiya a kan aikinsa, to ku yi yarjejeniya tun ranar farko cewa kowa sai ya nuna wuri ɗaya takamaimai da ya kama shi da wuri ɗaya da ya sake shi, da lambar shafi. Kuma a yi maganar rubutun, kar a taɓa mutuncin mai rubutun. Na ga zaman da ya watse saboda wani ya ce wa wata ai labarin nan rayuwarki ce kika rubuta, wannan ba sharhi ba ne, cin fuska ne. In kana gari mai reshen ƙungiyar marubuta ta ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, ka riƙa leƙa zamansu na karatu, za ka haɗu da dattawan da suka daɗe a harkar, amma kar ya maye gurbin ƙaramin zamanku, a taron mutum hamsin ba mai bin shafinka layi-layi.

Zaɓen batun kundi kuma, nan ne mai wayo yake jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Tunda dole za ka shafe shekara ko fiye kana bincike a kan abu ɗaya, to ya zama abin da littafin da kake son rubutawa yake jin yunwarsa. Idan matsalarka ita ce ba ka iya hirar taurari ba, kowa a labarinka murya ɗaya gare shi, ɗauki batu a kan salon zance a wasu ƙagaggun labarai, ka zauna ka ƙirga ka kwatanta har ka gane abin da yake bambanta bakin tsohuwa da na budurwa a kan takarda. Idan labarinka a cikin masunta zai gudana, a Yawuri ko Argungu, ko cikin mahauta ko 'yan koli ko maƙera, to ga inda maganar al'ada da na ce zan dawo kanta take shigowa, nemi batun da zai kai ka wurin mutanen nan, kirarinsu ko waƙoƙinsu na aiki ko saransu. Za ka dawo da bayanan kundi, kuma za ka dawo da abin da ya fi su tsada, wato yadda mutanen suke magana, sunayen kayan aikinsu, abin da suke tsoro, abin da yake ba su dariya. In tarihi ne kuma ga Gidan Arewa da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa duk a Kaduna, ga Gidan Ɗan Hausa a Kano, ga laburaren Kashim Ibrahim a Zariya, katin ɗalibin digiri na biyu da takardar gabatarwa daga sashe suna buɗe maka ƙofofin da da can sai ka sha wahala. Sai dai ina roƙonka abu ɗaya don Allah. Dattijon da ya zauna ya ba ka labarin gidansu don bincike, amana ya ba ka. Kar ka kwashe sirrinsa ka zuba a labari yadda duk ɗan garin zai gane shi. Ɗauki harshen, ɗauki yanayin wurin, amma mutanen ka ƙirƙiri naka.

Game da supabaiza, wato malamin da zai duba kundinka, wani wurin kana da bakin zaɓa wani wurin ba ka kawai za a yi. Ko wanne ne, ka fahimci cewa aikinsa kundi ne. Kar ranar farko ka ɗora masa labarinka mai shafi ɗari uku a tebur ka ce ya duba maka, mutumin nan yana da ɗalibai da yawa ga koyarwa ga taruka. Fara da nuna masa kai mai cika alkawari ne, ya ce kawo babi na ɗaya ranar Litinin ka kai ranar Litinin, gyaran da ya yi da jan biro ka yi shi duka ka haɗo da tsohon kwafin. Bayan ya san ka, sai wata rana ka ce Allah ya gafarta Malam ina ɗan taɓa rubutun labari, ko zan iya kawo shafi biyar a duba min in an samu sarari? Shafi biyar fa, ba hamsin ba. Ni nawa malamin wata huɗu babina na uku ya yi a wurinsa, na yi ta zarya har na fara tunanin barin karatun, abin da ya cece ni shi ne a watannin nan na juya na rubuta kusan rabin littafina maimakon in zauna ina ƙunci. Jira yana da yawa a karatun nan, jiran difens na farko, wato zaman kare aikinka a gaban malamai, jiran na cikin gida, jiran mai jarrabawa na waje, duk wannan lokacin rubutu ne in ka shirya masa.

Lokaci kuwa ba wanda zai ba ka, ga aiki ga iyali ga lakca. Abin da na ga yana yi shi ne ƙaramin adadi da ba a fashi. Kalma 300 bayan sallar asuba kafin gida ya tashi, shafi ɗaya ke nan. In ka yi haka kwana 200 a shekara ka tara kalma 60,000, littafi guda cur. Lokacin jarrabawa ka ajiye, ba laifi, amma ka rubuta ranar da za ka dawo. Kuma duk abin da ka rubuta a waya ko kwamfuta ka tura wa kanka ta imel duk Juma'a, na san wadda aka sace wa waya a mota da labarin shekara biyu a ciki, har yau in ta tuna sai idonta ya kawo ruwa.

Masu waƙa ban manta da ku ba, ku kam ma kun fi kowa cin ribar mastas ɗin nan. Kwas ɗin aruli, wato ilimin auna karin waƙa, da mutane suke gudu, ku rungume shi. Yawancin matasan da suke rubuta waƙa yanzu amsa-amo kawai suka riƙe, in ƙarshen ɗango ya yi daidai shi ke nan, amma in ka rera sai ka ji tana ɗingishi, kari ne babu. Idan ka koyi rarrabe gaɓa mai nauyi da marar nauyi, ka san karuruwa irin su Mutadarak da Kamil da Ramal da Rajaz, ka zauna da waƙoƙin su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu da Aliyu Namangi kana yanka baiti kana ƙirgawa, kunnenka zai buɗe. Ka ɗora wa kanka aiki, duk karin da aka koyar a sati ka rubuta baiti biyar a kansa, ƙwar biyu ko ƙwar biyar, ko da ba za ka nuna wa kowa ba. In daga baya ka zaɓi ka karya karin to ka karya da sani.

Ƙa'idojin rubutu ma haka, a nan ne za ka gyara su gaba ɗaya. Raba "za ka" da "ba ka", sanin inda ake haɗe mallaka da inda ake rabawa, saka ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ. Alƙalan gasa da editoci da wannan suke fara tace mutane. Ka mallaki Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, kuma ka riƙa leƙa na Bargery na 1934, akwai kalmomin da suka kwanta a ciki suna jiran mai tashe su. Amma kar daidaitacciyar Hausa ta sa ka kashe karin harshen taurarinka, in Basakkwace ne a labarin bar shi ya yi Sakkwatancinsa a cikin zance, in Badamagare ne haka, kai mai ba da labari sai ka tsaya a daidaitacciya.

Ka riƙa gwada kanka a waje tun kana ɗalibi. Gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 don mata ta fito da marubuta da dama, kuma iyakar kalmomin da take sakawa horo ne mai kyau, labari cikakke a kalma 1,000 zuwa 1,500 ya fi dogo wuyar rubutawa. Sai dai ka kula, irin waɗannan gasa suna son labarin da ba a taɓa fitarwa ba, in ka riga ka saka shi a Facebook ko Wattpad ko ka watsa a guruf ɗin WhatsApp to ka fitar da shi ke nan. Haka ma sassan kundinka, yanzu jami'o'i da yawa suna saka kundi a manhajar gano satar fasaha irin su Turnitin, kar ka baza babinka a intanet kafin difens.

Wanda kuma zuciyarsa take kan ainihin digirin ƙirƙirar rubutu na waje, hanya a buɗe take amma da Turanci za ka nema. Abin da suka fi dubawa shi ne samfurin rubutunka, shafi ashirin zuwa talatin na mafi kyawun abin da ka taɓa rubutawa, ya fi darajar digirinka nauyi a wurinsu. Wasu shirye-shiryen Amurka suna ɗauke kuɗin makaranta har su ba ka alawus kana koyar da 'yan aji ɗaya, kuma yawanci a Disamba ko Janairu suke rufe karɓa. Na Ingila shekara ɗaya ne amma da tsada, sai dai ta sikolaship irin Chevening, wadda take neman ka yi aiki na aƙalla shekara biyu kuma ka dawo gida bayan ka gama. Mastas ɗinka na gida ba zai hana ka ba, zaman sati biyun nan da kuka riƙa yi ma shi ne zai samar maka da samfurin.

Ranar da ka kare kundi aka ce ka ci, aka yi hotuna, ka kai gyararren kwafi aka ɗaure, sai ka buɗe ɗayan fayil ɗin, wato na labarinka. Kar ka garzaya maɗaba'a da zafinsa. Bar shi sati shida ba ka kalle shi ba, sannan ka buga shi a takarda ka karanta da biro a hannu daga farko har ƙarshe cikin kwana biyu ko uku, ka yi gyara, ka ba mutum biyu daga cikin 'yan zamanku su karanta shi dunƙule tunda gutsi-gutsi suka san shi, sannan ka biya edita wanda ba abokinka ba. In da kanka za ka buga, lambar shaidar littafi ta ISBN a Laburaren Ƙasa ake karɓa, suna da ofisoshi a jihohi, kuma doka ta ce ka kai musu kwafi uku bayan littafin ya fito. Ka ƙara da kwafi ɗaya ga laburaren sashenku, ɗaya kuma ka kai wa Malam har ofis da hannunka.